Zafin Siyasa a Waya, Sanyi a Rumfar Zaɓe

Wanda ya auna zaɓen shugaban ƙasar Najeriya na 2023 da abin da ya gani a Facebook, Twitter da TikTok, sai ya rantse rumfunan zaɓe ba za su ɗauki jama'a ba. Amma da hukumar zaɓe ta INEC ta gama ƙidaya, cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista, waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ranar 25 ga Fabrairu ba su cika miliyan 25 ba. Kusan kashi 27 cikin ɗari ke nan, mafi ƙaranci tun komawa mulkin farar hula a 1999. A 2003, lokacin da ko wayar salula ba ta wadata ba, kusan kashi 69 ne suka fito. A ganina, soshiyal midiya tana hura wutar muhawara, tana ma iya sauya wanda mutum zai zaɓa, amma ba ta da ƙafar da za ta kai shi layi. Tura saƙo a zauren WhatsApp aikin ɗan yatsa ne, yana bar wa mutum jin cewa ya sauke nauyi. Karɓo katin zaɓe kuwa, da tsayuwa a rana ana jiran na'urar BVAS ta gane fuska ko yatsa, sai an ɓata wuni guda.

Za a ce to Peter Obi fa? Hujja ce mai nauyi. Ɗan takarar da jam'iyyarsa ba ta da gwamna ko ɗaya a lokacin ya tashi da ƙuri'a sama da miliyan 6, ya kayar da Bola Tinubu a Legas, kuma ba mai musun rawar da matasan intanet suka taka. Sai dai a Legas ɗin, inda aka fi ko'ina waya da data, cikin kowane mutum biyar masu rajista da ƙyar ɗaya ya fito. Kafofin sun karkatar da ƙuri'ar waɗanda suka fito, ba su taso na zaune a gida ba. A Kano kuwa, ƙuri'a kusan miliyan ɗaya da Rabi'u Musa Kwankwaso ya samu ta tsaya ne a kan shekaru na jar hula, wakilai a kowace mazaɓa, da sojojin baka da suka cika gidajen rediyo tun kafin a san TikTok.

Wasu za su ɗora laifin a kan ƙarancin takardun naira da wahalar mai na wancan lokaci. Sun rage fitowa, babu shakka, amma gangarar ta girme su: kusan kashi 44 a 2015, kusan 35 a 2019, alhali masu riƙe da waya ƙaruwa suke kowace shekara. Ga kuma binciken BBC gab da zaɓen, wanda ya nuna 'yan siyasa na biyan masu tarin mabiya su yaɗa ƙarya a kan abokan hamayya. Matashin da ya kwana yana karanta cewa kowane ɗan takara ɓarawo ne, kuma an gama rubuta sakamako, me zai tashe shi da sassafe ya kama layi?