Latte ko Kapucino? Fara Ƙirga Cokulan Sukari Tukuna

Mai karatu, tun da ƙunshin gahawa masu ɗauke da sunan latte da kapucino suka shigo kantunanmu, wasu ke gardama a kan wanda ya fi amfani ga jiki. Wannan gardama ta bar jaki tana dukan taiki, kuma majinyacin da ke gidanka ne zai ɗanɗana kuɗarta.

Bambancinsu bai taka kara ya karya ba. Sunayen biyu daga Italiyanci suke, tushensu kuma ɗaya ne: gahawa mai kauri da inji ke tatsowa. Latte, wadda ma'anarta madara, ana cika ta da madara mai zafi, a ɗora kumfa kaɗan. Kapucino kuwa ƙaramin kofi ne, gahawa da madara da kumfa kusan daidai wa daida. A asalin haɗinsu babu sukari sai wanda mai sha ya zuba da hannunsa.

Abin da ke cikin leda daban ne. Juya bayan ƙunshin ka duba jerin kayan haɗi. Ƙa'ida ce a fara rubuta abin da ya fi yawa, kuma sau da yawa sukari za ka tarar a sahun gaba, sannan garin da aka yi da man itatuwa don ya maye gurbin madara.

Haka lamarin yake a teburin mai shayi. A Illela, ranar Lahadi da kasuwa ke ci, fatake da direbobi daga Ƙonni da Sakkwato kan karya kumallo da "haɗi mai kauri": Nescafé ko shayi, da madarar gwangwani mai danƙo, da sukari a kai. Ita wannan madara mai danƙo kusan rabin nauyinta sukari ne. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da baligi ke ƙarawa a ci da sha ya wuce kimanin giram 50 a yini, wato ƙananan cokula 12, kuma giram 25 ya fi alheri. Kofi biyu na irin wannan haɗi suna iya cinye kason yini guda kafin azahar.

Za a ce maka ai madara gina jiki take yi. Gaskiya ne, amma madara ba ta wanke laifin sukari. Wanda ya kai wa mai ciwon sukari irin wannan kofi a gadon asibiti da sunan dubiya, ƙauna ya nufa, cuta ya kai.

Saboda haka, ka ce wa mai shayi ya sa madarar da ba ta da zaƙi, ya bar maka sukari ka auna da kanka. Ka rage cokali ɗaya kowane mako har harshe ya saba. Mai juna biyu ta taƙaita gahawa, ta kuma raba shayi da lokacin cin abinci, domin yana rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Mai hawan jini ya nemi shawarar likitansa kafin ya mai da gahawa abin shan kullum.

Suna linzami ne, amma na ɗan Adam. Kofin da ke hannunka, cokali ne ke yanke masa hukunci.