Wasiƙa zuwa ga masu ɗauko labaran lafiya: abin lura a shari'ar Actos

Abokan aiki, musamman ƙannena da aka damƙa wa shafin lafiya a jarida ko shirin lafiya a rediyo.

Labarin magani da ya fito daga kotu da zafinsa yake shigowa ɗakin labarai. Ga maƙudan kuɗi, ga sunan babban kamfani, ga edita tsaye a kanku yana duba agogo. A irin wannan gaggawar ce akan ɗauki hukuncin alƙali a mayar da shi hukuncin likita. Ku dubi yadda ta kaya da Actos.

Actos sunan kasuwa ne na pioglitazone, ƙwayar masu ciwon suga nau'i na 2, wadda kamfanin Takeda na Japan ya shigar kasuwar Amurka a 1999, Eli Lilly yana taya shi talla. A watan Yunin 2011 Faransa ta dakatar da maganin, Jamus ta hana a ɗora sababbin marasa lafiya a kansa, hukumar FDA ta Amurka kuma ta yi gargaɗin cewa shan sa fiye da shekara guda na iya ƙara haɗarin kansar mafitsara. Ƙararraki suka yi ta kwarara, har aka tattara na tarayya a kotu ɗaya a Lafayette ta jihar Louisiana.

A can ne, a watan Afrilun 2014, masu taya alƙali yanke hukunci suka ci kamfanonin biyu tarar dala biliyan 9: Takeda 6, Lilly 3. Labarin ya game duniya. Wata shida bayan haka mai shari'a Rebecca Doherty ta zaftare kuɗin zuwa kusan dala miliyan 37, wannan kuwa sai wanda ya bi diddigi ya ji. Kuma tarar ba ma'aunin haɗarin ƙwayar ba ce. Horo ne, musamman ga Takeda, kamfanin da aka zarga da ɓoye abin da ya sani, wanda kuma kotu ta samu ya lalata fayilolin gomman ma'aikatansa. A ganina wannan ɓarnar takardu ta fi biliyoyin cancantar kanun labari, domin ita ce ta nuna halin kamfanin. A wasu kotunan jihohi ma Takeda ne ya yi nasara.

A 2015 kamfanin ya yi sulhu a kan kusan dala biliyan 2.4 ba tare da ya amsa laifi ba. A shekarar ce kuma mujallar JAMA ta buga binciken shekara 10 a kan marasa lafiya na Kaiser Permanente a Kalifoniya, wanda bai ga ƙarin haɗari bayyananne ba. Duk da haka, da FDA ta sake nazari a 2016, ta bar gargaɗinta. Masana dai ba su haɗu a kan baki ɗaya ba, kuma har yau likitoci na rubuta maganin a Amurka da Ingila. Wanda ya ba da rabin wannan labari ya bar rabi, bai yi wa kowa adalci ba.

Yanzu ku tuna da mai sauraronku. Dattijo ne a shagonsa, rediyo na rataye a ƙusa, ƙwayoyinsa na cikin leda a aljihun gaba. Ya ji kun ce “maganin suga na jawo kansa”. Bai san sunan abin da yake sha ba, “ƙwayar safe da ta dare” kawai yake cewa, wataƙila ma metformin ce. Daren nan zai ajiye ta, gobe ya nufi mai tallar magani da lasifika a bakin kasuwa. Suga kuwa ba ta jiran a gama ɗaukaka ƙara, tana cin ƙoda da ido da ƙafa. Saboda haka ku faɗi sunan maganin, ku maimaita shi, ku kuma ce kada kowa ya daina sha sai ya ga likitansa. Ku faɗi haka tun a farkon labari, kafin a kai ga kuɗin.

Akwai kuma abin da rahoton Amurka ba zai gaya muku ba. Alamar da gargaɗin ya ce a kula da ita ita ce jini a fitsari, mu kuwa a nan da an ga haka sai a ce tsargiya ce, a share. Alhali tsargiyar da ta daɗe ita kanta tana jawo kansar mafitsara, haka ma shan taba. Ku gayyato likitan mafitsara ya zauna a gaban makirfo ya warware wannan da bakinsa.

Idan kuna neman bayani a intanet, ku lura da wanda ya rubuta. Da yawan abin da ke kama da rahoto tallar lauyoyin Amurka ce, masu neman waɗanda za su shigar wa ƙara don su sami kasonsu a diyya. Ku tafi ga sanarwar FDA kanta, ku tambayi NAFDAC matsayin maganin a gida. In kuma mai sauraro ya bugo waya yana tambayar yadda zai karɓi rabonsa, ku gaya masa gaskiya: sulhun 2015 na ƙararrakin da aka shigar a kotunan Amurka ne.