Kar ka yi fomatin don kawai VS Code ya ƙi buɗewa

1/ Lokacin firojet ya kama, kuma a guruf ɗin ajinmu kusan kullum sai wani ya turo: "VS Code ɗina ya ƙi buɗewa, ina dannawa sai ya leƙo ya ɓace." Nan take wani zai ce "cire ka sake sakawa", wani ya ce "kai wa mai gyara ya yi fomatin". Ni dai a ganina duka biyun gurguwar shawara ce. Zare 🧵

2/ Cirewa da sake sakawa galibi ba ya taɓa inda ciwon yake. A Windows saitinka yana cikin %APPDATA%\Code, ekstenshan kuma suna .vscode\extensions a foldar sunanka. Cirewar ba ta goge su. Ka ƙona data ka sauko da sabo, ya tashi ya tarar da tsohuwar matsalar zaune tana jiransa.

3/ Fomatin kuwa ya fi ban tsoro. VS Code yana ajiye abin da ka rubuta ba ka yi sebin ba a foldar Backups, a cikin waccan Code ɗin dai. Ka goge kwamfuta, ka goge aikin daren jiya da shi. Mai gyara fa ba zai tambaye ka ba, shi aikinsa ya ga ta tashi.

4/ Abin yi: buɗe cmd ka rubuta
code --disable-extensions
In ya buɗe, to ɗaya daga cikin ekstenshan ɗinka ce. Kuma mu ɗalibai akwai mu da tara su, duk wadda muka gani a bidiyon YouTube sai mun saka, har da masu canza launi guda biyar. Akwai Extension Bisect a cikinsa: yana kashe rabinsu, ya tambaye ka ko matsalar na nan, ya sake rabawa, har ya kama mai laifin.

5/ Bai buɗe ba? Gwada
code --disable-gpu
Wannan ta fi shafar mu masu laptop ta hannu. An gina VS Code a kan Electron ne, wato injin Chromium irin na Chrome, shi ya sa yake jingina da katin hoto. Tsohon direba na iya sa shi ya fito baƙi ƙirin ko ya mutu tun a bakin ƙofa.

6/ Har yanzu shiru? To
code --user-data-dir C:\gwaji
zai tashe shi da sabon saiti ba tare da ya taɓa naka ba. In ya yi aiki, wani fayil ne ya lalace a tsohuwar foldar, abin da ɗaukewar wuta kan jawo in batir ya mutu. Canza mata suna kawai, don Allah kar ka goge, Backups na ciki.

7/ Masu Windows 7, ku naku daban ne. Sigar 1.70 ta 2022 ce ta ƙarshe da ke goyon bayanku, sabuwa ba taku ba ce ko sau nawa kuka saka.

8/ In duk sun ƙi, rubuta code --verbose, ka ɗauki hoton abin da ya fito ka turo guruf. Hoton allo fa, ba wanda aka ɗauka da waya a karkace ba.