Zauren Iyali: Kafin Ka Sayi Gida a Alsawra

Tun da sojojin Sudan suka karɓe birnin Khartum a watan Maris na 2025, wasu daga cikin 'yan'uwanmu masu dangi a can suke tambaya ta ko lokaci ya yi da za a sayi gida a Alsawra, tun da ana ta tallar gidaje ta waya. Amsata ita ce: a duba takarda kafin a duba bango.

Ga wanda bai san wurin ba, Alsawra babbar unguwa ce a arewacin Omdurman, cikin gundumar Karari, an yanka ta gida-gida zuwa ƙananan unguwanni masu lamba da ake kira hara. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, yawancin wannan yanki ya zauna a hannun sojoji, saboda haka jama'ar da suka tsere daga wasu sassan birnin suka kwararo cikinsa, haya ta yi tsada. Amma fa bai tsira daga luguden wuta ba. Ranar 1 ga Fabrairu 2025 an kashe fiye da mutum 50 a kasuwar Sabrin. Allah Ya jiƙan su.

To, batun takarda. A Sudan abin da ke tabbatar da mallaka shi ne shaidar bincike, wadda suke kira shahadat bahs, daga ofishin rajistar filaye. A cikinta ake ganin sunan mai gida, da lambar fili da faɗinsa, da kuma ko an jinginar da shi ko kotu ta hana taɓa shi. Ka nemi sabuwa wadda aka fitar domin sayarwa, kada ka yarda da hoton tsohuwa da dillali ya turo maka. Akwai kuma filayen da ake riƙe da su ba rajista, wato hiyaza. Arahar su tana da ruɗi, ni kam ba na ba kowa shawarar zuba gumin shekaru a kansu. Wanda ba shi da takardar zama ɗan ƙasa kuwa, ya fara zama da lauya, domin doka ta ƙuntata wa baƙo mallakar fili. Sa sunan aboki ko suruki a takarda don kauce wa wannan, shi ne mafarin shari'ar da 'ya'ya ke gada.

Inda na fi jin tsoro shi ne ciniki da wakili. Masu gidaje da dama suna Masar ko Saudiyya ko Fot Sudan, sai wani ya fito da takardar wakilci ya ce an ba shi izinin sayarwa. Ka yi magana da mai gidan da kanka, ka ga fuskarsa, lauyanka kuma ya tantance wakilcin. In gidan gado ne, a kawo takardar kotu mai lissafa magada duka, kowa ya yarda, har da matan da ake yawan mantawa da su. Mahaifina, wanda ya daɗe yana sulhu a zauren masallaci, kan ce rigimar gida ba ta tashi ranar ciniki, sai ranar da wanda ba ya nan ya dawo. Masu karatun Risala sun san babin shuf'a: abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin karɓe rabon da aka sayar, ya biya kuɗin da aka saye shi.

Sai maganar farashi. Mutumin da yaƙi ya raba da komai, yana neman kuɗin magani, zai sallama gidansa da abin da bai kai ƙimarsa ba. Malamai sun yi magana mai tsawo a kan cinikin wanda ya matsu, kuma ko da cinikin ya inganta, ban ga mutunci a matse shi ba. A kira mutum biyu da suka san harar su ƙiyasta, a biya abin da ya kamata. Kuma tun da fam ɗin Sudan ya zube ƙwarai tun farkon yaƙin, a rubuta adadin kuɗi da ranar biya a gaban shaidu, kada a bar saura da baki kawai.

Gyara kuma yana da tsari. Kada yaro ko lebura ya taɓa wani baƙon ƙarfe da aka tarar a tsakar gida ko kan rufi, a kira masu kwance bama-bamai. Daga nan magini ya duba tushe da tsagewar bango, musamman ginin ƙasa da ya sha damina biyu ko uku ba yaɓe. Sai rufi da indararo, sai masai da tankin ruwa, sai wayoyin lantarki, waɗanda a wurare da yawa ɓarayi suka zare saboda tagullar da ke ciki. Fenti da tayil su jira. Mai niyyar ba da haya kuma kada ya yi lissafi da kuɗin hayar lokacin yaƙi, domin waɗanda suka cika Alsawra suna da gidajensu a Bahri da Khartum, kuma da yawansu sun fara komawa.