Wasiƙa a buɗe ga matasa masu binciken cutar ƙanjamau a Kwatano

Tallafin somin-taɓi kuɗi ne kaɗan da ake bai wa sabon hannu a fagen bincike, galibi na shekara ɗaya, domin ya gwada ko tambayarsa tana amsuwa kafin ya nemi babban tallafi. Masu ba da shi suna son su ga ko mutum zai iya samo mahalarta, ya riƙe su, ya kuma rubuta abin da ya gani. Hukumar EDCTP da Turai da ƙasashen Afirka suka kafa a 2003, da ANRS ta Faransa, da Cibiyar Fogarty ta Amurka, duk suna da tsarin rainon sababbin masu bincike, kuma wanda ya zo musu da ɗan sakamako a hannu ya fi mai dogon buri samun shiga.

Wanda zai fara a Kwatano ya gaji aiki mai yawa, sai ya karanta shi kafin ya rubuta takardar nema. Birnin yana cikin garuruwa huɗu, tare da Yawunde da Kisumu da Ndola, da aka kwatanta yaɗuwar cutar a cikinsu a 1997 da 1998. A asibitin cututtukan saduwa na DIST, ayarin Michel Alary na Jami'ar Laval ta Kanada da abokan aikinsa 'yan Benin sun nuna cewa masu ɗauke da ƙwayar cutar a cikin mata masu zaman kansu sun ragu daga kashi 53 cikin ɗari a 1993 zuwa kashi 30 a 2008. Daga 2014 zuwa 2016 kuma an gwada ƙwayar rigakafi ta PrEP a kan mata 256, amma ƙasa da rabinsu ne suka kai ƙarshe, kuma babban dalili shi ne barin gari.

A nan Zongo take da abin faɗa. Unguwa ce ta fatake da direbobi da baƙi, kusa da tashar Jonquet, kuma mutumin da aka gwada jininsa yau yana iya kwana a Paraku gobe. Tun bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, rufe iyakar Malanville da Gaya ya birkita hanyoyin da aka saba. Tambaya irin wannan ta isa tallafin somin-taɓi: direban da ke shan magani, a ina yake karɓar na wata mai zuwa idan tafiya ta yi tsawo? Mutum talatin ko arba'in sun wadatar a gane ko lambar wayar da suka bayar tana shiga bayan an tsallaka iyaka.

Kasafin kuɗin ma ya bi wannan hanya. Sabon hannu yakan zuba rabin tallafinsa a kwamfuta da taron buɗewa, abin da ba ya ƙara wa bincike komai. Gara kuɗin su tafi ga katin waya, da kuɗin zemijan, wato acaɓa, na mahalarta, da albashin tafinta mai jin Hausa da Dandanci. A kuma ware watanni domin izinin kwamitin ɗa'ar bincike na ƙasa, CNERS, don ba a taɓa jinin kowa kafin ya amince.

Takardar yarda da Faransanci take zuwa, alhali da yawa a Zongo allo suka karanta. Sai a karanta wa mutum ita da harshensa, a keɓe, a bar shi ya yi tambaya. Gaisuwa wurin Sarkin Zongo da limamai wajibi ce, amma amincewarsu ba ta maye gurbin ta mai jinin. Kada kuma a kafa teburin gwaji a bakin masallaci ranar Juma'a, inda kowa zai ga wanda ya shiga da yadda fuskarsa ta fito. Hausawa ba su manta da gwajin maganin Trovan na Kano a 1996 ba, kuma za su tambaya.

Sai batun jagora. Babban suna a takardar nema yana buɗe ƙofa, amma malamin da ke da lokacin karanta rubutu layi-layi shi ne ke koyar da aiki. Zai fi kyau a haɗa biyu: ɗaya a kusa, a tsangayar lafiya ta FSS ko asibitin koyarwa na CNHU, ɗaya a waje wanda ya san masu ba da tallafi. Irin wannan haɗin ne tsakanin Jami'ar Vanderbilt da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda Farfesa Muktar Aliyu ke cikin jagororinsa. Kafin a ɗebi bayani ko ɗaya, a zauna a rubuta wa ke riƙe da bayanan, sunan wa zai zo farko a maƙala, da sau nawa za a haɗu a wata. Kunyar malami tana hana ɗalibi ɗaga wannan magana, shi ya sa ya kamata jagoran ya fara kawo ta da kansa.