Ɗalibi Mai Sulhu da Haƙƙinsa a Kanmu

A shekarun da na yi ina koyarwa a wata makarantar kwana ta maza a nan Jimeta, cikin wani watan Maris, lokacin da zafin Yola kan kai matuƙa har ruwan famfo ya zama abin rububi, wasu yara biyu 'yan aji biyar suka yi husuma a kan layin bokiti, ɗaya ya fasa wa ɗaya leɓe, jini ya ɓata farar riga. Kwamitin ladabtarwa ya zauna bai fi rabin sa'a ba, aka kori wanda ya yi dukan, alhali kuwa shi ne yaron da babu kamarsa a lissafi cikin ajin duka, ni ma kuma na sa hannuna a takardar. Bayan shekaru na gamu da shi a wata tashar mota yana kiran fasinja, ya rusuna ya gaishe ni, da zance ya kai ga wannan rana sai ya ce, "Malam, ai da an bar mu, da mun shirya kafin Magariba." Ashe wanda aka fasa wa bakin shi da kansa ya je ƙofar ofis zai roƙa a yafe, aka ce masa hukunci ya riga ya zartu.

Tun daga ranar da na gamu da shi nake tunani a kan yadda makarantunmu suka riƙi bulala da kora, suka saki babin sulhu, wanda malamanmu na fiƙihu suka ware masa fasali guda cikin littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Yola tun zamanin Modibbo Adama, wanda ya kafa garin a 1841. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san cewa rigimar gona ko ta aure ba ta isa gaban alƙali sai ta biya ta hannun dattawan gida, da mai unguwa, da jauro, domin an fahimci cewa hukunci yana raba gardama amma yakan bar ƙullaci a zuci, shi kuwa sulhu yana mayar da mutane ga gaisawa. Fulanin ƙasar nan suna da munyal, wato haƙuri, da semteende, wato kunya, waɗanda ake renon yaro a kansu tun yana goye. To me ya sa idan ya shiga ƙofar makaranta sai mu ɗauka ba shi da wani abu a ƙirjinsa face tsoron dorina?

Ba mu rasa misali na kusa ba. A Janairun 2012, da fitina ta fara kunno kai, Jami'ar Amurka ta Nijeriya da ke Yola ta haɗu da malaman Musulunci da limaman Kirista da 'yan kasuwa suka kafa ƙungiyar wanzar da zaman lafiya ta Adamawa, wadda ta tara samarin unguwanni cikin wasan ƙwallo, sa'an nan, bayan faɗuwar Mubi a hannun 'yan tayar da ƙayar baya a Oktoban 2014, ta tsaya wajen ciyar da 'yan gudun hijira da suka cika gidajen Jimeta da Yola. Wannan aiki ne na manya, Allah Ya saka musu da alheri. Abin da nake nema shi ne a sauko da irinsa cikin aji, a danƙa shi ga yaran da kansu.

Yadda nake ganin tsarin, ɗalibai su ne za su zaɓi masu sulhunsu, domin su suka san wanda ba ya tsegumi, ba ya son kai, wanda in ya yi magana ake saurare. Kada a haɗa wannan matsayi da na firfet, gama mai riƙe da bulala da safe ba za a buɗe masa ciki da yamma ba. A koya musu, cikin 'yan makonni, ladubban zama tsakanin masu husuma: su zauna su biyu a ƙarƙashin bishiya ko cikin aji bayan tashi, kowane mai ƙorafi ya faɗi nasa ba tare da an katse shi ba, mai sulhu ya maimaita abin da ya ji har mai maganar ya ce haka ne, sa'an nan masu rigimar su furta da bakinsu abin da zai raba su lafiya, a rubuta, a riƙe shi amana. Amma akwai haddi wanda bai halatta a ƙetare ba: in wuƙa ta fito, ko ƙwaya, ko an ci zarafin yarinya, wannan ya wuce kan yaro, wajibi ne ya koma ga malamai da iyaye nan take. Mafi yawan abin da ke tashi a makaranta kuwa bai kai haka ba. Satar sabulu ce, da gorin ƙabila, da bashin naira ɗari biyu, da zalincin siniya a kan juniya, ƙananan tartsatsi waɗanda in an bar su sukan bi yaro har unguwa, inda 'yan daban da ake kira 'yan Shila ke jiran duk wanda makaranta ta tofar.

Sai mas'alar tallafin karatu, wadda a wurina ba ta rabuwa da wannan. Tun hawan Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri a 2019 gwamnatin jiha take biya wa ɗaliban makarantunta kuɗin jarrabawar WAEC da NECO, abin da ya sauke wa iyaye nauyi mai yawa. Amma ɗan talaka da ya ci jarrabawa, ya sami gurbi a Jami'ar Modibbo Adama ko Kwalejin Ilimi ta Tarayya, yana sake tsayawa gaban wani kogi wanda ba shi da kwalekwalensa. Asusun NELFUND da Gwamnatin Tarayya ta buɗe a 2024 rance yake bayarwa, kuma rance biya ake yi. Sikolashif ɗin da ke akwai, na jiha da na tarayya da na attajirai, sau da yawa labarinsa kan iso makarantar unguwa bayan an rufe karɓar takardu, ko ya iso yaro ba shi da shaidar ƙaramar hukuma, ba shi da lambar NIN, ba shi da mai cika masa fom a intanet. Kuma galibinsu maki suke aunawa, ba kasafai ake tambayar abin da yaro ya yi wa jama'arsa ba.

Saboda haka nake roƙon hukumar tallafin karatu ta jiha, da masu hali na Yola da Jimeta waɗanda ke fitar da zakka da sadaka kowace shekara, su keɓe wasu gurabe ga ɗaliban da suka yi hidimar sulhu shekara biyu ko uku, bisa shaidar shugaban makaranta da ta 'yan ajinsu, matuƙar sakamakonsu ya kai na shiga jami'a. Wani malami abokina ya ce mini, "Malam, ba ka tsoron riya ta shiga, yara su riƙa yi don lada?" Na ce masa niyya Allah ne Masaninta, kuma alƙalan da, waɗanda muke yi wa shaidar tsoron Allah, daga baitulmali ake ciyar da su, wannan bai ɓata adalcinsu ba.

Ma'aikatar Ilimi ba ta bukatar sabon gini domin wannan. Ta fara da makarantu kaɗan, kamar Kwalejin Janar Murtala Muhammed da Kwalejin Aliyu Musɗafa da makarantar 'yan mata ta gwamnati ta Yola, ta sa malamin ba da shawara na kowacce ya riƙe littafi biyu, ɗaya na sulhun da aka yi, ɗaya na ranakun buɗewa da rufe neman tallafi, sa'an nan a ƙarshen shekara a ƙirga yara nawa aka kora, a gwada da na bara.