Big East: Ƙawancen da ya tara kofuna amma kuɗi suka wargaza shi

A ranar 6 ga Yuni, 2025, wata alƙaliyar kotun tarayya a jihar Kaliforniya, Claudia Wilken, ta amince da sulhun da ya kawo ƙarshen wata al'ada da ta haura shekara ɗari a Amurka. Daga wannan lokaci, jami'a na iya biyan ɗalibanta 'yan wasa kuɗi kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Haka kuma hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA da manyan ƙawancenta za su biya diyyar kusan dala biliyan 2.8 ga waɗanda aka hana su cin moriyar sunansu a baya. Duk wanda ke son fahimtar abin da wannan sauyi zai haifar, ya dubi tarihin ƙawancen Big East a gasar ƙwallon kwando ta ƙasa, domin babu inda aka ga yadda nasarar fili da lissafin kuɗi ke raba hanya kamar a can.

A tsarin Amurka, jami'o'i kan haɗu su kafa ƙawance, su riƙa fafatawa a tsakaninsu, su kuma sayar wa gidajen talabijin haƙƙin nuna wasanninsu a dunƙule. A watan Maris na kowace shekara ake zaɓar ƙungiyoyin da suka fi ƙwazo a faɗin ƙasar domin gasar ƙasa, inda duk wanda aka doke sau ɗaya ya kama hanyar gida. Gasar ce babbar hanyar samun kuɗin NCAA. A 2016 kamfanonin CBS da Turner sun tsawaita yarjejeniyarsu da hukumar zuwa 2032 a kan dala biliyan 8.8. Ana raba wani kaso na kuɗin ga ƙawance gwargwadon yawan wasannin da jami'o'insa suka buga, a biya shi cikin shekara shida. Saboda haka yawan gurbin da ƙawance ya samu batu ne na aljihu kamar yadda yake batu na alfahari.

Dave Gavitt, wanda ya taɓa horar da ƙungiyar Providence, shi ne ya kafa Big East a 1979 da jami'o'i bakwai na arewa maso gabashin ƙasar: Providence, Georgetown, St. John's, Syracuse, Seton Hall, Connecticut da Boston College. A shekarar ce aka buɗe tashar wasanni ta ESPN, wadda ke neman abin da za ta cika lokacinta da shi. Gavitt ya gane cewa manyan biranen gabas suna da miliyoyin masu kallo, sai ɓangarorin biyu suka zama tamkar ɗan juma da ɗan jummai. Tun 1983 ake gudanar da gasar ƙawancen a zauren Madison Square Garden da ke birnin New York.

Nasara ba ta yi jinkirin zuwa ba. A 1984 Georgetown ta doke Houston da ci 84 da 75 a wasan ƙarshe, inda Patrick Ewing ya yi fito-na-fito da Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas. Da wannan ne John Thompson ya zama baƙar fata na farko da ya jagoranci ƙungiya zuwa lashe babbar gasar maza. Shekara guda bayan haka, uku daga cikin ƙungiyoyi huɗun da suka kai wasan kusa da na ƙarshe 'yan Big East ne, abin da wani ƙawance bai sake yi ba har gasar 2025. Villanova, wadda ba a sa ta a lissafi ba, ta kayar da Georgetown da ci 66 da 64.

Thompson bai tsaya a bakin fili kawai ba. A watan Janairun 1989 ya fice daga zaure kafin a fara wasa da Boston College, domin nuna adawa da wata dokar NCAA da za ta hana tallafin karatu ga ɗaliban da ba su kai wani ma'aunin jarrabawa ba. Hujjarsa ita ce dokar za ta fi cutar da 'ya'yan talakawa, akasarinsu baƙar fata. Tambayar da ya ɗago, wato wa ke zuba gumi kuma wa ke cin riba, ita ce ta kai ga kotu bayan shekara talatin.

Kofuna sun ci gaba da shigowa. Connecticut ta lashe gasar a 1999, Syracuse a 2003, Connecticut kuma a 2004 lokacin da aka zaɓi Emeka Okafor, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, a matsayin gwarzon gasar. A 2011 ƙawancen ya tura ƙungiyoyi 11, adadin da ba a taɓa gani ba a lokacin, kuma Connecticut ta dawo da kofin. Sai dai a daidai wannan ganiya ce gini ya soma tsagewa.

Musabbabin rugujewar wani wasa ne daban, wato ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka, wadda ita ce ke kawo mafi yawan kuɗin talabijin. Big East ya shiga harkarta a 1991, sai ya zama gida mai kishiyoyi biyu: manyan jami'o'i masu ƙungiyoyin zari-ruga, da ƙananan jami'o'in Katolika waɗanda ƙwallon kwando ce jarinsu. Miami da Virginia Tech sun koma ƙawancen ACC a 2004, Boston College ta bi su a 2005. West Virginia ta tafi Big 12 a 2012, Syracuse da Pittsburgh suka fice a 2013. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ta tafi don neman gasar kwando mafi armashi. A shekarar rabuwar ma Louisville, 'yar ƙawancen, ta ci kofin ƙasa, kodayake NCAA ta ƙwace shi a 2018 saboda karya dokoki.

A 2013 jami'o'in Katolika bakwai suka ware, suka riƙe sunan Big East da zauren New York, suka gayyato Butler, Creighton da Xavier. Mutane da yawa sun ɗauka ƙawancen ya zama saura. Sai Villanova ta lashe gasar a 2016 da 2018 a ƙarƙashin Jay Wright. Connecticut, wadda ta dawo a 2020, ta ci a 2023 da 2024 a ƙarƙashin Dan Hurley, kuma gwarzon 2023 shi ne Adama Sanogo ɗan ƙasar Mali, wanda ya buga wasanni yana azumin Ramadan. Cikin gasa takwas da aka yi tsakanin 2016 da 2024, huɗu sun tafi Big East. A ɓangaren mata kuwa, Connecticut ta ɗaga kofinta na 12 a 2025.

Duk da haka, alƙaluman baya-bayan nan na nuna inda iska ta karkata. A 2024, shekarar da Connecticut ta kare kambunta, gurbi uku kacal ƙawancen ya samu. A 2025 ya samu biyar, amma babu wadda ta kai zagayen 'yan 16, yayin da ƙawancen SEC, sarkin zari-ruga, ya tura 14 daga cikin jami'o'insa 16, Florida kuma ta ɗauki kofin. Dukkan ƙungiyoyi 16 da suka kai wannan zagaye sun fito ne daga manyan ƙawance huɗu masu arzikin zari-ruga. Dalilin a fili yake idan aka kwatanta kuɗin shiga: yarjejeniyar da Big Ten ya ƙulla a 2022 ta haura dala biliyan 7 cikin shekara bakwai, alhali wadda Big East ya yi da Fox a 2013 an ba da rahoton kimanin dala miliyan 500 ce cikin shekara 12.

Sabon tsarin biyan 'yan wasa ya zo wa ƙawancen da dama guda da kuma haɗari guda. Damar ita ce manyan jami'o'i za su kashe kusan kashi uku cikin huɗu na kasonsu a kan zari-ruga, ƙwallon kwando ta samu ragowa, alhali jami'a irin St. John's ko Marquette na iya zuba mafi yawan nata a kwando. Haɗarin shi ne dala miliyan 20.5 ta shekarar farko iyaka ce da sulhun ya gindaya, kuma kowace jami'a ita za ta nemo kuɗin da kanta. Wadda kuɗin talabijin ɗinta bai taka kara ya karya ba sai ta dogara da attajirai masu ba da gudummawa, ko ta datse ƙananan wasanni. Ban da haka, shugabar ƙawancen a lokacin, Val Ackerman, ta fito fili a 2024 ta soki yadda aka ɗora wa ƙananan ƙawance kaso mai nauyi na diyyar, alhali mafi yawanta 'yan wasan manyan jami'o'i ne za su karɓa.

Ƙorafin nata yana da tushe, amma bai rushe adalcin sulhun ba. Shekaru da dama masu horarwa na karɓar miliyoyin daloli, hukumomi na tara biliyoyi, matasan da ke cika zaure da 'yan kallo kuwa an ce musu tallafin karatu ya ishe su. Sai da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci baki ɗaya a kan NCAA a 2021 kafin wannan katanga ta soma faɗuwa. Abin da ya rage a sa wa ido shi ne wanda zai riƙe wuƙar rabo. Manyan ƙawance sun matsa lamba a faɗaɗa gasar, kuma ƙarin gurbin na iya komawa ga jami'o'insu masu matsakaicin ƙwazo. Idan hakan ta tabbata, Big East zai sake fuskantar abin da ya same shi a 2013, lokacin da tarin kofunansa suka kasa hana jami'o'insa bin inda kuɗi yake.